J.B.S. Haldane: Masanin gado da bai taɓa samun digiri a kimiyyar halittu ba

Duk ɗalibin da ya zauna a ajin ilimin gado a jami'a, ko a Zariya yake ko Ibadan ko Landan, da zarar darasi ya kai ga yadda ƙwayoyin gado suke yawaita ko suke ƙaranta a cikin al'umma, zai ci karo da sunaye uku da kusan kullum ake jero su tare: Ronald Fisher, Sewall Wright da J.B.S. Haldane. Su ne suka kafa harsashin wannan fanni tsakanin 1918 da 1932. Na ukunsu, wanda ya kai matsayin farfesan ilimin gado a Landan, bai taɓa karɓar digiri a kimiyyar halittu ba. A Oxford lissafi ya fara karantawa, daga baya ya koma adabin Girka da na Latin da falsafa, kuma da su ya kammala a 1914. Sauran ilimin a ɗakin gwajin mahaifinsa ya tsince shi, da ramukan haƙar kwal, da kuma jikinsa, wanda ya shafe shekaru yana gwaji da shi kamar na aro.

An haifi John Burdon Sanderson Haldane a birnin Oxford ranar 5 ga Nuwamba, 1892, a gidan manyan Sikotland masu ilimi da faɗa a ji. Yayan mahaifinsa, Richard Haldane, ya riƙe muƙamin ministan yaƙi na Birtaniya daga 1905 zuwa 1912. Ƙanwarsa Naomi Mitchison ta zama fitacciyar marubuciya. Mahaifinsa, John Scott Haldane, masanin numfashi ne da ya ƙware kan iskar da ke kashe ma'aikata a ƙarƙashin ƙasa, kuma shi ya ba da shawarar a riƙa shiga rami da ƙananan dabbobi ko tsuntsun kanari, domin guba ta fi saurin kayar da su, sai mutane su samu damar tsira. Wannan uba bai ga laifin gwaji da kansa ko da ɗansa ba. An ruwaito cewa ya taɓa shiga da yaron wani rami mai gurɓatacciyar iska, ya sa shi ya miƙe tsaye yana karanto wani jawabi daga wasan Shakespeare har ƙafafunsa suka kasa ɗaukarsa ya zube. Da ya kai ƙasa sai ya farfaɗo, domin iskar da ta kayar da shi ta fi iskar numfashi sauƙi, a sama take taruwa. Yana ɗan shekara goma sha uku aka sanya masa kayan nutso aka zura shi cikin ruwa a gaɓar Sikotland, lokacin da mahaifinsa ke wa sojojin ruwa bincike kan yadda mai nutso zai taso ba tare da ya nakasa ba.

Sha'awar ilimin gado ta kama shi tun 1901, sa'ad da mahaifinsa ya kai shi sauraron wata lacca kan aikin Gregor Mendel, wanda aka sake ganowa shekara guda kafin nan. Shi da Naomi suka riƙa kiwon ƙananan dabbobi a gida suna rubuta launin 'ya'yan da aka haifa. A 1915 aka buga sakamakon bincikensu kan ɓeraye, tare da abokinsa A.D. Sprunt, wanda ya nuna karo na farko a dabbobi masu shayarwa cewa wasu ƙwayoyin gado tare suke tafiya daga iyaye zuwa 'ya'ya, saboda a kan igiya ɗaya suke zaune. A lokacin Haldane yana fagen Yaƙin Duniya na Farko da rundunar Black Watch, Sprunt kuma yaƙin ya ci shi. An ji wa Haldane rauni a Faransa, aka sake ji masa a Iraƙi, aka kai shi Indiya jinya, kuma a nan ƙasar ta fara shiga ransa. Bai ɓoye cewa ya ji daɗin yaƙi ba, abin da ya riƙa tayar da hankalin abokansa. A 1925 har ɗan littafi ya wallafa yana kare amfani da iskar guba a fagen fama, a cikinsa kuma ya kawo shawarar a riƙa tura baƙaƙen sojoji gaba bisa da'awar cewa fatarsu ta fi jure gubar. Wannan tabo ne a tarihinsa, kuma kaifin basirarsa bai wanke shi ba.

Bayan yaƙi ya koyar a Oxford, a 1923 kuma ya koma Cambridge yana aiki kan sinadaran jiki ƙarƙashin Frederick Gowland Hopkins. A waɗannan shekaru ya sha sinadarai iri-iri don ya ga yadda jininsa zai canja, ya fitar da lissafin aikin sinadaran da ke hanzarta narkewa da ginuwa a jiki tare da G.E. Briggs a 1925, wanda har yau ake koyarwa. A nan ne kuma aka kore shi daga aiki. Ya ƙulla alaƙa da wata 'yar jarida, Charlotte Burghes, alhali tana da aure, sunansa ya fito a shari'ar rabuwarta da mijinta, kwamitin dattawan jami'a shida ya tsige shi bisa rashin ɗa'a. Ya ɗaukaka ƙara, ya yi nasara a 1926, aka mayar da shi kujerarsa, ya aure ta a shekarar.

Nono da ruwa, ko gero da dawa

Don a gane aikin da ya ɗaukaka sunansa, sai an koma ga wata matsala da ta daɗe tana ci wa masana tuwo a ƙwarya. Charles Darwin, a littafinsa na 1859, ya ce halittu suna sauyawa sannu a hankali saboda waɗanda siffarsu ta fi dacewa da muhalli sun fi barin zuriya. Wannan shi ake kira zaɓen yanayi. Amma Darwin bai san yadda gado yake aiki ba. Mutanen zamaninsa sun ɗauka siffofin uwa da uba cakuɗuwa suke yi kamar nono da ruwa. Idan haka ne, in ji masu sukarsa, irin su injiniya Fleeming Jenkin a 1867, to duk wata sabuwar siffa mai amfani za ta yi ta tsinkewa daga zuriya zuwa zuriya har ta ɓace kafin yanayi ya zaɓe ta. Mendel, da gwajin da ya yi kan wani nau'in wake, ya nuna cewa gado ya fi kama da gero da dawa a ƙwarya guda: ko an gauraya su kowace ƙwaya tana nan yadda take, kuma tana iya ɓoyewa a zuriya ɗaya ta bayyana a ta gaba. Sai dai magoya bayan Mendel na farko sun ɗauka bincikensa ya rushe Darwin ne, domin a ganinsu sabbin halittu da tsalle guda suke fitowa. Aka yi kusan shekara ashirin ana wannan taƙaddama a Ingila.

Lissafi ne ya raba gardamar. Daga 1924 zuwa 1934 Haldane ya wallafa jerin maƙaloli goma yana amsa tambaya guda ta fuskoki daban-daban: idan wata ƙwayar gado ta ba mai ɗauke da ita fifiko kaza, zuriya nawa za ta ɗauka kafin ta game al'umma? Ya duba yadda amsar ke canjawa idan ƙwayar mai rinjaye ce ko mai ɓoyewa, idan ana auren dangi, idan baƙi suna shigowa, idan sabbin sauye-sauye suna aukuwa. A maƙalar farko ya ɗauki misali daga birnin Manchester. Akwai wani malam-buɗe-littafi mai tashi da dare, mai fari da ɗigo-ɗigon baƙi, wanda a 1848 aka fara kama baƙin nau'insa a can. Cikin kimanin shekara hamsin, yayin da hayaƙin masana'antu ya baƙanta itatuwa, baƙin ya kusan maye gurbin farin baki ɗaya. Haldane ya lissafa cewa hakan ba zai yiwu ba sai idan duk inda farin ya bar 'ya'ya biyu baƙin yana barin kimanin uku. Masana da yawa sun ga adadin ya yi yawa. Sai a shekarun 1950 Bernard Kettlewell ya shiga daji ya nuna cewa tsuntsaye sun fi tsince wanda launinsa ya saɓa da jikin itace, kuma bayan dokar tsaftace iska ta 1956 baƙin ya koma raguwa.

A 1927 ya fitar da wani sakamako mai sauƙin faɗa amma mai nauyi. Sabuwar ƙwayar gado mai amfani, idan ta bayyana a jiki guda, damar da take da ita ta ɗore ta kai kusan ninki biyu na fifikon da take bayarwa. Wato idan ta ƙara wa mai ita fifikon kashi 1 cikin 100, sau biyu kacal cikin ɗari za ta yaɗu, sauran 98 kuwa za ta salwanta tun da wuri, don wataƙila mai ita bai haihu ba, ko 'ya'yansa ba su gaje ta ba. A 1932 ya tattara waɗannan ayyuka a littafinsa The Causes of Evolution, wanda ya zo bayan littafin Fisher na 1930 da doguwar maƙalar Wright ta 1931. Mutanen uku ba su yarda da juna a kan komai ba. Fisher da Wright ma sun ƙare da gaba mai zafi. Amma tare suka mayar da juyin halittu abin da ake aunawa da alƙaluma, wato canjin yawan ƙwayoyin gado a cikin al'umma daga zuriya zuwa zuriya.

Haldane bai yi imani da addini ba, kuma bai ɓoye ba. Wannan lissafi nasa kuwa, mai addini da maras addini duk suna aiki da shi, domin shi ne ke bayyana abin da jami'an lafiya da na noma suke gani da idanunsu: yadda sauro ke daina jin maganin feshi bayan 'yan shekaru, da yadda ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ta fi ƙarfin kulorokwin har Najeriya ta sauya manufar magani a 2005.

A 1933 ya koma Kwalejin Jami'a ta Landan, inda ya mai da hankali ga gadon ɗan Adam. A 1935 ya kiyasta sau nawa ƙwayar gadon mutum ke sauyawa da kanta. Cutar rashin daskarewar jini ya ɗauka, wadda ke kama maza ta hanyar iyayensu mata. A wancan zamani masu ita kaɗan ne suke rayuwa har su haihu, don haka kowace zuriya tana zubar da wani kaso na ƙwayar cutar. Tun da yawan masu cutar bai ragu ba, dole akwai inda ake cike gurbin, wato sabbin sauye-sauye. Daga abin da ke zuba ya gano abin da ke shigowa, kamar mai auna ruwan da ke shiga randa ta hanyar duba wanda ke yoyo alhali randar ba ta raguwa. Ya samu kimanin sau ɗaya cikin 50,000 a kowace zuriya. Shekara biyu bayan haka, shi da Julia Bell suka nuna cewa ƙwayar wannan cuta da ta rashin bambance launi a igiya ɗaya suke.

Daga Italiya zuwa Garki

Irin wannan tunani ne ya kai shi ga hasashen da ya fi shafar Afirka. A ƙasashen Bahar Rum, musamman Italiya da Girka, akwai wani ciwon jini na gado da ake kira talasimiya, mai kashe yaran da suka gaje shi daga iyaye biyu. Wasu masana a Amurka sun bi hanyar da Haldane ya bi, suka ce tun da cutar ta yawaita duk da kisan da take yi, to ƙwayarta tana sauyawa ne da sauri fiye da kima. Haldane bai gamsu ba. A taron masana gado na duniya a Stockholm a 1948, da rubuce-rubucen da suka biyo baya a 1949, ya kawo wata fassara: wataƙila wanda ya gaji ƙwaya ɗaya tak yana da wata kariya da sauran mutane ba su da ita, kuma tun da yankunan nan sun daɗe suna fama da zazzaɓin cizon sauro, ya yi zargin kariyar daga zazzaɓin ce. Ba shi da gwaji ko ɗaya a hannu. 'Yan jimloli ne kawai.

Hujjar ta fito daga wata cutar dabam, a wata nahiya dabam. Anthony Allison, wanda ya tashi a Kenya, ya lura cewa masu ɗauke da ƙwayar sikila sun yawaita a bakin teku da kewayen tafkin Victoria inda sauro ya yi katutu, sun kuma ƙaranta a kan tsaunuka. A 1954 ya wallafa binciken da ya nuna cewa yara masu AS sun fi jure zazzaɓin. Ƙarin tabbaci ya zo daga ƙasar Hausa. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun gudanar da wani babban bincike kan zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukan Garki, ba Garkin Abuja da ma'aikata suka sani ba, ta jihar Jigawa ta yau, wadda a lokacin take cikin jihar Kano. Alan Fleming na Jami'ar Ahmadu Bello da abokan aikinsa sun auna jinin mutanen yankin, suka wallafa a 1979 cewa masu AS kimanin kashi 24 cikin 100 ne a jarirai, amma sun kai kimanin kashi 29 a waɗanda suka haura shekara biyar. Jinin mutum ba ya canjawa da girma. Abin da ya faru shi ne zazzaɓi ya fi ɗauke yara masu AA. Masu SS kuwa, da suke kusan biyu cikin kowane jarirai ɗari, da wuya aka same su a cikin manya. Mutuwa tana cin gefe biyu, na tsakiya yana tsira, shi ya sa ƙwayar ba ta ƙarewa kuma ba ta game kowa.

Da wannan lissafi ake gane girman matsalar a Najeriya, inda kusan mutum ɗaya cikin huɗu ke ɗauke da AS. Idan ana aure ba tare da gwaji ba, aure ɗaya cikin 16 zai haɗa AS da AS, kuma kowane ciki a irin wannan gida yana da damar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, wato kusan jariri ɗaya cikin 64 ta wannan hanya kaɗai. Damar ba ta da ƙwaƙwalwa: haihuwar mai sikila ɗaya ba ta tsare na bayansa. Gwajin jini kafin aure, wanda jihar Kano ta mayar da shi doka a 2024, yana rage haihuwar masu SS, amma ba ya kawar da ƙwayar, domin idan AS ya auri AA ana sa ran rabin 'ya'yansu su zama AS. A cikin mutum ɗari, 24 masu AS suna ɗauke da ƙwaya 24, biyu masu SS suna ɗauke da huɗu kacal. Mafi yawanta a jikin masu ƙoshin lafiya take ɓoye. Da irin wannan hujja, tare da wasu, Haldane ya soki dokokin hana marasa lafiya haihuwa da ƙarfin tsiya, waɗanda Jamus ta Hitler da wasu jihohin Amurka suka kafa, a littafinsa Heredity and Politics na 1938. Kariyar AS kuma ba riga-kafi ba ce: mai ita yana kamuwa da zazzaɓi, tsananinsa ne ke raguwa, musamman a ƙuruciya.

Jam'iyya da gaskiya

A shekarun 1930 Haldane ya karkata ga gurguzu. Ya je Sifaniya lokacin yaƙin basasa yana ba gwamnatin jamhuriya shawara kan kariya daga iskar guba, ya ga yadda jiragen sama ke ruwan bama-bamai a kan birane, ya dawo ya rubuta littafi a 1938 yana gargaɗin cewa tanadin Birtaniya na mafakar jama'a bai isa ba. Ya rubuta ɗaruruwan maƙalolin kimiyya cikin sauƙin harshe a jaridar Daily Worker, ya shugabanci kwamitin editocinta, a 1942 kuma ya shiga jam'iyyar kwaminis a hukumance.

A Yunin 1939 jirgin ƙarƙashin teku mai suna Thetis ya nutse kusa da Liverpool, mutum 99 suka mutu. Ƙungiyoyin ƙwadago suka nemi Haldane ya binciko abin da mamatan suka fuskanta. Ya sa aka rufe shi a ɗakin ƙarfe fiye da awa goma sha huɗu yana shaƙar iskar da ya fitar, ya fito da amai da matsanancin ciwon kai, ya nuna wa kwamitin bincike cewa mutanen sun galabaita ne har suka kasa amfani da na'urorin tsira. Daga nan rundunar sojan ruwa ta ba shi aiki. Shi da 'yan tawagarsa, ciki har da Helen Spurway wadda ya aura a 1945 bayan rabuwarsa da Charlotte, suka yi ta shiga ɗakin matsin iska. Ya yi farfaɗiya a ciki har ƙashin bayansa ya samu rauni, dodon kunnensa ya fashe. Sakamakon ya taimaka wajen gane zurfin da iskar oksijin zalla ke zama guba ga mai nutso. Gwamnati tana amfana da aikinsa, jami'an leƙen asirinta kuma suna bibiyarsa.

Mutumin da ya iya jure wannan duka ya kasa a wata jarrabawar. A 1928 ya ziyarci Tarayyar Sobiyet, inda masanin tsirrai Nikolai Vavilov ya karɓe shi, ya dawo yana yaba yadda ƙasar ke girmama kimiyya. Daga baya wani jami'in noma mai suna Trofim Lysenko ya samu kunnen Stalin. Lysenko ya ƙaryata samuwar ƙwayoyin gado, ya yi alƙawarin ninka amfanin gona ta hanyar horar da iri, ya kuma kira masu ja da shi maƙiyan juyin juya hali. Aka kama Vavilov a 1940, ya mutu a kurkukun Saratov a Janairun 1943 cikin yunwa, mutumin da ya tara irin shuka daga nahiyoyi biyar don yaƙar yunwa. A Agustan 1948 aka haramta ilimin gado na Mendel a ƙasar baki ɗaya, aka kori ɗimbin malamai daga aiki. Duk wanda ya taɓa zama a ofis ya ga yadda umarni daga sama ke shafe shawarar ƙwararru zai gane yanayin, sai dai a can farashin ja da umarni rai ne.

Idanun duniya suka koma kan Haldane, domin shi ne masanin gado mafi shahara a cikin 'yan gurguzun Yamma. A wani shirin rediyon BBC a ƙarshen 1948, sauran masana uku, ciki har da Fisher, sun la'anci abin da ya faru. Haldane ya yi ta kewaye-kewaye, ya ce sai ya karanta cikakken rahoton taron kafin ya yanke hukunci. A 1949 ya rubuta maƙala yana kare ilimin gado, amma ko a cikinta ya nemar wa Lysenko wasu wuraren gaskiya. Ya janye daga jam'iyyar a kusan 1950 ba tare da hayaniya ba, kuma har ƙarshen rayuwarsa bai daina ganin girman Stalin ba. Ya fi kowa sanin cewa Lysenko ya yi kuskure, domin aikinsa na shekara talatin ne ake ƙaryatawa. Abin lura, a shekarar nan ta 1948 da harshensa ya yi nauyi a kan Lysenko, a cikinta ya furta hasashensa kan zazzaɓin cizon sauro.

Kalkata da Bhubaneswar

Shekarun 1950 ba su rage masa kaifi ba. A 1955 ya yi nuni da cewa halin sadaukar da kai zai iya yaɗuwa ta hanyar dangi, tun da shaƙiƙi yana raba rabin ƙwayoyin gado da mutum, ɗan baffa ko ɗan kawu kuma kashi ɗaya cikin takwas. W.D. Hamilton ne ya gina cikakken lissafin a 1964. A 1957 ya auna abin da ya kira kuɗin da zaɓen yanayi ke ci: kafin sabuwar ƙwaya ta maye gurbin tsohuwa, sai an yi asarar rayuka ko haihuwa da ta kai kusan ninki 30 na yawan al'ummar, don haka ya kiyasta cewa sauyi ɗaya cikin zuriya 300 shi ne abin da al'umma za ta iya ɗauka. Masanin Japan Motoo Kimura ya dogara da wannan a 1968 ya ce mafi yawan sauye-sauyen da ake gani a ƙwayoyin gado ba zaɓe ne ya yaɗa su ba, dace ne. Ɗalibinsa mafi shahara, John Maynard Smith, injiniyan jiragen sama ne da ya bar sana'arsa ya dawo aji don ya zauna a gabansa.

A 1957 ya tattara ya bar Birtaniya. Dalilin da ya bayyana shi ne harin da ƙasarsa, tare da Faransa da Isra'ila, ta kai wa Masar kan mashigin Suez a 1956. Akwai wasu dalilan: ritaya ta gabato, Indiya ta daɗe a ransa, kuma ya yi barkwancin cewa shekara sittin yana sanya safa ta ishe shi. P.C. Mahalanobis ya gayyace shi Cibiyar Ƙididdiga ta Indiya a Kalkata. Ya koma sanya tufafin ƙasar, ya daina cin nama, ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa a 1961.

Abin da ya koyar a can yana da amfani ga duk jami'ar da kasafinta bai taka kara ya karya ba. Ya nace cewa ƙasa mai ƙarancin kuɗi tana iya yin binciken halittu na ƙwarai da ido, da ma'auni, da takarda, da haƙurin ƙirga. Ɗalibansa suka ƙirga yadda ganyen kwakwa ke murɗawa dama ko hagu da alaƙar hakan da yawan 'ya'ya, suka gwada shuka irin shinkafa biyu a fili guda, suka bi asibitoci da makarantun Andhra Pradesh suna tattara bayanai kan auren dangi da tasirinsa. Halinsa dai bai canja ba. Ya kasance mai saurin fushi, mai ƙin ƙa'idojin ofis da ba su da ma'ana a wurinsa, mai tsayawa kai da fata don kare ƙananan ma'aikatansa. Ya saɓa da Mahalanobis ya ajiye aiki a 1961, ya gwada wata hukumar bincike ta gwamnati suka rabu, a 1962 kuma babban ministan jihar Orissa, Biju Patnaik, ya buɗe masa ɗakin bincike a Bhubaneswar.

A ƙarshen 1963 aka gano yana da sankarar hanji, aka yi masa tiyata a Landan. Daga gadon asibiti ya rubuta waƙar barkwanci a kan cutar, mujallar New Statesman ta buga a farkon 1964, wasu suka yaba, wasu suka ga rashin ta ido. Likitocin ba su gaya masa cewa cutar ta riga ta yaɗu ba, kuma da ya gane ya fusata ƙwarai, don ya tsara ayyukansa ne a kan shekarun da ba shi da su. A wannan shekara aka buga martaninsa ga Ernst Mayr, wanda ya yi wa lissafin gado ba'a da cewa ya mayar da halitta kamar jakar wake da ake ɗiba ana ƙirgawa. Haldane ya karɓi sunan ba'ar ya sa shi a kan maƙalar, ya amsa cewa bayanin baka yana iya gamsar da mai sauraro alhali bai tabbata ba, sai an sa masa alƙaluma ake sanin ko zai tsaya.

Ya rasu a Bhubaneswar ranar 1 ga Disamba, 1964, yana da shekara 72, bai bar ɗa ba. Bisa wasiyyarsa aka kai gawarsa Kwalejin Koyon Likitanci ta Rangaraya da ke Kakinada don ɗalibai su yi karatu da ita. Helen Spurway ta ci gaba da zama a Indiya tana binciken dabbobi har rasuwarta a Hyderabad a 1978.